Yoyon Fitsari: Kujerar Maganaɗisu Ba Ta Ɗinke Huji

A 'yan shekarun nan wata talla ta shigo wayoyin jama'a ta Facebook da TikTok, inda ake nuna wata kujera mai faɗin mazauni, ana cewa wai duk mai fama da rashin riƙe fitsari ya zo ya zauna a kanta da tufafinsa na minti 28, sau 6 a cikin mako 3, ya tashi ya warke, ba yanka, ba allura, ba kwanciya asibiti. Masu tallar dai asibitocin kuɗi ne da gidajen gyaran jiki na manyan birane, to amma waya ba ta san nisa ba. Abin da aka ɗora a Legas da hantsi, kafin azahar matashi na kallonsa a kasuwar Anka ko ta Gummi. Wanda kuwa yake da mata, ko ƙanwa, ko uwa da ta shekara tana wankin tsumma a bayan ɗaki, ba abin mamaki ba ne in zuciyarsa ta raya masa ya sayar da 'yar akuyar da ɓarayin daji suka rage masa ya kama hanya. Don haka ya zama wajibi a yi wa 'yan uwa matasa bayanin wannan kujera dalla-dalla, a san wanda take yi wa amfani, a kuma san wadda ba za ta tsinana wa komai ba.

Da farko dai kujerar ba tsafi ba ce, kuma ba ƙarya ce tsagwaronta ba. A ƙasan marar kowane ɗan Adam akwai wasu tsokoki da suke shimfiɗe kamar raga, su ne suke tallafe da mafitsara da mahaifa da dubura, su ne kuma suke taimakawa wajen matse hanyar fitsari har mutum ya isa makewayi. Haihuwa a kai a kai, da tsufa, da ƙiba, da tsohon tari, da yawan ɗaukar kaya masu nauyi duk suna iya sassauta su. A cikin mazaunin kujerar an naɗe waya wadda in wutar lantarki ta ratsa ta sai ta haifar da ƙarfin maganaɗisu mai kunnuwa yana mutuwa da sauri. Wannan ƙarfi yana ratsa tufafi da fata, ya taɓa jijiyoyin da ke ba tsokokin nan umurni, sai su riƙa matsewa suna saki ba tare da mai su ya yi komai ba. Asalin ilmin tsoho ne, tun shekarar 1831 wani masani a Ingila mai suna Michael Faraday ya gano cewa maganaɗisu mai motsi yana haifar da lantarki. A 1998 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba da izinin sayar da irin wannan kujera mai suna NeoControl, sannan daga baya kamfanin BTL ya fito da tasa mai suna Emsella, wadda ita ce aka fi talla a yanzu. Kamfanin yana cewa zama guda yana sa tsokokin su matse fiye da sau 11,000.

Gwaje-gwajen da aka yi sun nuna wasu matan suna samun sauƙi, musamman waɗanda matsalarsu ba ta yi tsanani ba. Amma da yawa daga cikin gwaje-gwajen a kan mutane kaɗan aka yi su, na kuma ɗan gajeren lokaci, kuma tsoka ko ta wane jiki ce in aka daina motsa ta takan koma gidan jiya, wanda ke nufin a sake komawa a sake biya. Ban da haka ba kowa ake ɗorawa a kai ba. Mai juna biyu ba ta hawa, haka wanda aka sa wa na'urar daidaita bugun zuciya, da wanda ke da ƙarfe a ƙugu ko a kusa da nan. Wani abin da masu talla ba sa faɗa shi ne, abin da kujerar ke yi da kuɗi, mutum yana iya yin irinsa da kansa kyauta. Tun 1948 wani likitan mata a Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana yadda ake horar da waɗannan tsokoki ta hanyar matse su kamar mai riƙe iska, a ɗan jira, a saki. Har gobe hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila wannan horon ta sa a gaba, a yi shi aƙalla matsa 8 sau 3 a yini na tsawon wata 3 a ƙarƙashin kulawar ma'aikacin lafiya, kafin a yi maganar wani abu. Ungozomar asibiti tana iya koya wa mace wannan a zama ɗaya, ba ya bukatar janareto, ba ya bukatar kuɗin mota.

To, abin tambaya a nan shi ne, shin wannan ita ce matsalar da ta addabi matan Sunke da Bagega da Dareta da ƙauyukan Bukkuyum da Gummi? Alal haƙiƙa zubar fitsari ba iri ɗaya ba ce, kuma ya kamata kowane magidanci ya san bambancin. Akwai wadda sai ta yi tari, ko atishawa, ko dariya, ko ta ɗaga taɓarya, ko ta jawo guga, sannan ɗan ɗigo ya kuɓuce mata, amma in ta kwanta shimfiɗarta a bushe take kwana. Wannan ita ce mai raunin tsoka, ita ce horon da aka ambata yake yi wa amfani, ita ce kuma kujerar take iya taimaka wa. Akwai wanda fitsari ke matsarsa farat ɗaya ya kasa kaiwa bayan gida, mace ko namiji, wannan kuma yana iya zama ciwon sanyin mafitsara, ko ciwon suga, ko kumburin da ke tare wa dattawa hanyar fitsari, kuma gwaji ne kawai zai rarrabe. Sai kuma ta uku, wadda ta yi doguwar naƙuda, sau da yawa ma jaririn bai zo da rai ba, bayan 'yan kwanaki sai ta ga ruwa na bin ƙafarta dare da rana, a tsaye ko a kwance, ba ta ma jin fitsarin ya taru balle ta riƙe shi. Wannan shi ne yoyon fitsari da kowa ya sani a ƙasar Hausa, kuma shi ne mafi muni a karkara.

Yadda yake samuwa ba ɓoyayye ba ne. Idan jariri ya kasa fita, ko don ƙugun uwar ya yi masa kaɗan, ko don ya zo a karkace, kansa yakan danne mafitsara da hanyar haihuwa a jikin ƙashin mara. In aka kwana aka yini a haka, jini ya daina kaiwa ga wannan naman, sai ya mutu. Bayan 'yan kwanaki mataccen naman ya zube, ya bar huji tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa, wani lokaci har da hanyar bayan gida. Wata ma jijiyar ƙafarta takan taɓu ta riƙa jan ƙafa. Akwai kuma waɗanda yankan gishiri ne ya jawo musu, inda wanzami ko tsohuwa ta sa aska a gaban mace da nufin buɗe hanya, askar ta wuce ta shiga mafitsara. Duk wanda ya fahimci wannan ya san amsar tambayar. Randar da ta huje a gindi, ko an ɗaure bakinta da igiya bakwai, ruwa tsiyaya zai ci gaba da yi. Kujerar maganaɗisu tsoka take motsawa, ba ta da allura ba ta da zare. Mai yoyon fitsari ko ta zauna a kanta sau ɗari, da jiƙaƙƙen zane za ta tashi, kuɗin kuma sun tafi.

Mutanen Sunke sun fi kowa sanin abin da rashin gane ciwo yake jawowa. A 2010 yara suka riƙa shiɗewa suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ana ta ba su maganin zazzaɓi ba sauƙi, wasu na cewa iska ce. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka lura, aka ɗebi jini aka gwada, sannan aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje. Kafin a shawo kan abin, yara aƙalla 400 sun rasu. Amma da aka san sunan ciwon sai aka san aikin da za a yi. Aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidajen Dareta da 'Yargalma, aka biyo da Abare da Sunke da wasu ƙauyuka, Bagega kuma sai a 2013, aka kuma ba yara maganin da ke fitar da gubar daga jini. Darasin da aka biya da rayukan yara bai kamata a mance shi a kan iyayensu mata ba. Gwajin yoyon fitsari mai sauƙi ne ƙwarai, ana zuba ruwa mai shuɗin launi a mafitsara ta roba, in ya ɓullo ta hanyar haihuwa an san akwai huji. Duk mai maganin da zai karɓi kuɗin mace bai duba ta ba, ko da kujerar Turawa ya zo, ko da ƙullin sassaƙe a ranar kasuwa, neman na tuwo yake yi.

Abin takaicin shi ne maganin yoyon fitsari na gaskiya yana nan kusa, shekaru aru-aru, mutane ne ba su sani ba ko kunya ta hana su zuwa. A Babbar Ruga da ke Katsina, wani likita ɗan ƙasar Holan, Dokta Kees Waaldijk, wanda ya zo aikin kuturta a 1983, ya fara ɗinkin yoyon fitsari a 1984, ya yi wa dubban mata aiki, ya kuma horar da likitoci 'yan ƙasa masu yawa. Yau wurin cibiya ce ta Gwamnatin Tarayya ta wannan ciwo, kamar ta Ningi a Bauchi da ta Abakaliki. A cikin Zamfara kanta akwai sashen masu yoyon fitsari a Babban Asibitin Farida da ke Gusau. A Sakkwato akwai Asibitin Mata da Yara na Maryam Abaca, a Kano akwai cibiyar Laure a Asibitin Murtala, a Zariya akwai Asibitin Gambo Sawaba, a Jahun ta Jigawa MSF ta fara wannan aiki tun 2008, a Danja kusa da Maraɗi kuma an buɗe wata cibiyar a 2012. A 2024 hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta ƙaddamar da shirin biya wa masu yoyon fitsari kuɗin aiki, a watan Nuwamban shekarar kuma Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya yi shelar yi wa mata marasa galihu tiyatar haihuwa kyauta. Mafi yawan matan da ƙwararre ya yi wa aiki hujin yana rufewa, musamman a aikin farko, shi ya sa bai kamata a bar wanda bai ƙware ba ya fara taɓawa.

Akwai ma wani sauƙin da ba kowa ya sani ba, wanda shi ne ainihin magani ba tare da yanka ba. Idan aka kai mace asibiti da zarar yoyon ya fara, cikin kwanaki ko makonnin farko, akan sa mata robar fitsari ta zauna mako 4 zuwa 6, tana shan ruwa sosai. Mafitsara ta huta, gefen hujin ya haɗu, wasu daga cikin ƙananan hujin su toshe da kansu ba a kai ga tiyata ba. Wannan dama ce mai wucewa. Duk makon da aka ɓata ana jiran a gama wankan jego, ko ana tara kuɗin kujera, naman wurin ƙara taurara yake yi. Haka nan a lura, mai yoyo takan rage shan ruwa don zubar ta ragu, alhali wannan yana ƙara wa fitsarin kauri da wari, ya ci mata fata, ya jawo tsakuwa a mafitsara, ya kuma taɓa ƙoda. A ba ta ruwa ta sha, a kai ta asibiti.

Domin adalci, akwai inda kujerar za ta iya shigowa ko ga mai yoyon fitsari. Wasu matan bayan an ɗinke hujin sukan ci gaba da ɗigo saboda tsokar da ke matse hanyar fitsari ta lalace. A nan likita yakan sa a yi horon tsoka, wani lokaci a sake wani aikin, kuma in akwai na'ura a hannu shi ne zai ce ko za ta yi amfani. Ma'ana dai gurbinta a ƙarshen layi yake, bayan gwaji, bayan ɗinki, bisa shawarar wanda ya duba marar lafiya, ba bisa shawarar mai talla ba.

Hausawa na cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, to amma wannan ciwon makullinsa a aljihun maza yake. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a Zamfara kusan mace 1 cikin 10 ce kawai take haihuwa a asibiti. Alƙaluman da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta yi aiki da su suna cewa mata kimanin 150,000 ne ke rayuwa da yoyon fitsari a Nijeriya, kuma wasu kimanin 12,000 suna ƙaruwa duk shekara. Bayan kowace ɗaya daga cikinsu akwai daren da aka yi jinkiri. Ko maigida ya tafi haƙar zinare bai bar izinin fita ba, ko yarinya mai cikin fari ta ɓoye naƙuda don kunya, ko tsofaffi sun ce a ƙara haƙuri a ba ta rubutu, ko ba kuɗin babur, ko kuma hanya ba ta biyuwa da dare saboda 'yan bindiga. Gaskiya ce kuma da ba ta da daɗin ji cewa yarinyar da ta ɗauki ciki jikinta bai gama ginuwa ba, ga ƙarancin abinci tun yarinta, ta fi shiga haɗarin tokarewar haihuwa, duk da cewa mai haihuwa ta bakwai ma abin yana samunta. Wanda ya auri ƙaramar yarinya, nauyin da ke kansa ya ninka.

Saboda haka abin da ake nema daga matasa a fili yake. Na farko, kowane magidanci ya ba matarsa izinin zuwa awo da zuwa asibiti tun cikin yana ƙarami, ya faɗa a gaban mahaifiyarsa da surukarsa, yadda ko ba ya gari ba wanda zai ce a jira shi. Na biyu, ya ware kuɗin mota da na magani tun wata na bakwai, ya san direban da zai kira. Na uku, tunda hanyoyin Anka da Bukkuyum ba su da tabbas da dare, mai cikin fari, da wadda aka taɓa yi wa tiyata, da wadda ta taɓa shan wuyar haihuwa, a matsar da ita gidan dangi a cikin gari kusa da asibiti kafin watanta ya tsaya. Na huɗu, naƙudar da ta wuce awa 12 ba alamar ci gaba, a tashi, kada rana ta fito sau biyu a kan mace tana durƙushe. Na biyar, matasan kowace unguwa su san rukunin jininsu, su kafa asusu, domin sau da yawa ana isa asibiti amma a rasa jinin da za a ƙara. Kuma kada aska ta kusanci mai naƙuda da sunan gishiri.

Idan kuwa ƙaddara ta riga ta faɗa, to nan ake gane namiji. Abin kunya ne matuƙa a ce yarinyar da ta rasa ɗanta, ta rasa lafiyarta a wajen haifa wa mutum zuriya, sakamakonta shi ne takardar saki da ɗaki a bayan gida, a ware mata ƙwarya da tabarma kamar mai annoba. Yoyon fitsari ba a ɗaukarsa, ba alamar alfasha ba ne, ba kuma aikin kishiya ba ne. Mata da yawa sukan daina salla suna zaton najasa ta raba su da Ubangijinsu, alhali malaman Malikiyya sun daɗe da warware wannan. Fitsarin da ke zuba ba da ikon mutum ba har ya lazimce shi mafi yawan lokaci ba ya warware alwala, littafin Risala na Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani ma a matsayin mustahabbi ya ajiye sabunta alwala ga kowace salla ga mai wannan lalura, an kuma yi rangwame a kan abin da ya taɓa tufafi. Wanda ya yi karatun Islamiyya ya san wannan, haƙƙi ne a kansa ya isar da shi cikin gida. Bayan aiki kuma likita zai ce miji ya ƙaurace wa shimfiɗarta na wasu watanni, haihuwa ta gaba kuma a asibiti za a yi ta, galibi ta hanyar tiyata. Mijin da ya kasa haƙurin waɗannan watanni shi ne zai warware ɗinkin da aka sha wuya aka yi.

Su kuma mahukunta su sani, shela a Abuja ba ta isa ba. Tun 2003 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaddamar da yaƙi da wannan ciwo, tun 2013 kuma ake taron ranarsa duk 23 ga Mayu, ana jawabai ana ɗaukar hoto. Matar Sunke ba jawabi take bukata ba. Tana bukatar hanyar da za ta bi da tsakar dare ba a tare ta ba, da ungozoma a asibitin da ya fi kusa da ita, da ɗakin tiyata mai wuta da jini da likita a Anka da Bukkuyum da Gummi, da kuma tabbacin cewa kyautar da aka yi shela kyauta ce har bakin gado. Ƙasashen da suka rabu da yoyon fitsari sun rabu da shi ne tun kafin a ƙera kujerar maganaɗisu, ta hanyar kai mai naƙuda ga likita a kan lokaci. Ƙasar da ake tono zinare a cikinta ba ta da hujjar gaza yin haka. Ya kamata kuma hukumomin lafiya su sa ido a kan masu tallar na'urori, a tilasta musu bayyana cewa kayansu ba ya maganin huji.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya dawo da zaman lafiya a Zamfara da sauran ƙasa baki ɗaya. Wassalam.